Rigar da Mama Tela Ba Ta Ɗinka Ba

Mama Tela na jera fararen rigunan baftisma a kan teburin ɗakin canza kaya, sai ta ji tarin da ta sani a bayanta. Hannunta ya tsaya a kan rigar ƙarshe. Ko ba ta waiwaya ba, ta san ƙanenta ne.

A cocin nan, duk wanda za a yi wa baftisma da sabuwar farar riga yake shiga ruwa, wadda aka ɗinka dominsa shi kaɗai, sannan wani ɗan gidansu ya tsaya a bakin kwarmin ruwan ya tarbe shi, ya kira shi da suna. Ɗinkin kuwa na Mama Tela ne tun tana amarya. Ita ce shugabar zumuntar mata, mai babban farin mayafin da ake ba shugaba, mai kujerar gaba da babu mai gangancin zama a kai. Wa'azi ma ta daina saurara tuni, don ta san inda ake cewa amin ko tana gyangyaɗi.

Ƙanen nata kuwa, Auta ne a gida. Da giya ta cinye shi, ita ce da bakinta ta laƙaba masa Kwalba, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya. Duk da haka, a kowane taron addu'ar mata sai ta miƙe ta roƙi Ubangiji ya juyo da ƙanenta, da murya mai rawa, har wasu su share hawaye. Addu'ar ta zame mata kamar taka keken ɗinki, ƙafa na aiki, hankali na wani wuri.

Ranar da Fasto ya gaya mata ƙanenta ya tuba, yana cikin masu baftisma, ta ɗaga hannu sama ta yi godiya sosai. Da ya zo shagonta a auna shi, ta tagar ta leƙo ta ce masa ta san awonsa, ya je kawai. Yana juya baya ta tura yadinsa ƙarƙashin tebur. Ta sha ganin tubansa, ba ya kai ƙarshen wata. Me zai sa ta ɓata yadi?

Ga shi yanzu a bakin ƙofa, ya yi aski, ya sa tsohuwar riga wankakkiya.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya," ta ce, ba ta dube shi ba.

Sauran masu baftisma suka ɗauki nasu ɗaya bayan ɗaya, suka shige bayan labule. Teburin ya koma fayau. A cikin coci mawaƙa sun fara waƙa, ana jin ƙarar famfon da ke ƙarasa cika kwarmin. Shagonta yana can ƙarshen gari, kafin a je a dawo an tashi.

Dikon, mai taimaka wa Fasto, ya leƙo. "Mama, Fasto ya shiga ruwa fa. A fito da su."

"Muna zuwa."

Ƙanen ya dubi teburin, ya dubi jakarta, ya yi ɗan murmushi. "Tawa tana jaka ko? Kin ware min ita dabam."

Ƙarya ta zo mata har iri uku, kowacce da kyanta: yadi ya ƙare, keke ya lalace, ta manta ta a shago. Duk wacce ta zaɓa za a yarda, don wa zai ƙaryata shugabar mata saboda Kwalba? Tsoro ya kama ta da ta ga yadda ƙaryar ta zo mata da sauƙi, a ɗakin da bango ɗaya ne tsakaninsa da bagaden cocin.

"Ban ɗinka ba," ta ce.

"Aiki ya yi miki yawa?"

"A'a." Ta ɗago ta dube shi. "Ban yarda za ka zo ba."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Bai yi faɗa ba, ita kuwa da ya yi faɗan da ya fi mata. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na mutumin da aka gaya wa abin da dama yake zargi.

"Yaya, kin san abin da ya kawo ni cocin nan?" ya ce. "Wata rana ina kwance a gindin tagar can, a buge. Na ji kina min addu'a, muryarki na rawa. Na ce a raina, ashe akwai mai jirana. Tun ranar ban ƙara sha ba."

Ta dafa teburin. Ta ma kasa tuna wace rana ce, don duk ranakun iri ɗaya ne a wurinta. Watakila a lokacin tana lissafin aikin da ta bari a shago.

Ɗakin yana da ƙofa biyu, ɗaya ta shiga coci, ɗaya ta fita titi. Ya nufi ta titin. Mama Tela ta san abin da ke ƙarshen titin nan, ta san bencin da yake zama a kai, ta san masu jiransa. In ya fita yau, ba giya ce ta kore shi ba, ita ce.

"Mama!" Dikon ya sake leƙowa, ransa a ɓace. "An yi wa na farko. Shi wannan ina rigarsa? Ba a shiga da kayan gida, kin fi kowa sani."

"Tsaya," ta ce wa ƙanenta. Hannunsa na kan mariƙin ƙofa. "Don Allah ka tsaya. Na yi wa Ubangiji ƙarya a gaban mutane, ni ce ya kamata in kama hanyar titi, ba kai ba."

Bai juyo ba, amma bai murɗa ƙofar ba.

Ta yaye babban mayafin daga kafaɗarta, ta ninka shi biyu a kan teburin, ta zaro almakashi daga jaka.

"Mama, mayafin shugaba ne!" Dikon ya ce.

"Na sani, Dikon. Ni na ɗinka bakinsa."

Ta yanke wuya a tsakiyarsa. Hannun da bai taɓa karkata yanka ba, yau ya kauce, wuyan ya fito a karkace. Ta je har bakin ƙofa ta zura masa ta ka, ta shiga kama gefuna da fil. A nan yatsunta suka ci karo da haƙarƙarinsa, ɗaya ɗaya. Ita da ta ce ta san awonsa! Rabon da ta taɓa jikin yaron nan da ta goya, ta manta. Hawaye ya hana ta ganin fil ɗin, ta soke yatsa, ta ci gaba.

"Ya yi min tsawo," ya ce a hankali.

"Ka tattare da hannu. Mu je."

Da suka shiga, ido ya koma kanta, shugabar mata ba mayafi, biye da mutum sanye da abin da ba riga ba. Wata ta yi ƙus-ƙus ta ce, "Ai Kwalba ne." Mama Tela ta wuce kujerarta ta gaba ba ta ko kalle ta ba, ta tsaya a bakin kwarmin.

Fasto ya dubi mayafin, ya dube ta. Ya riƙe ƙanen nata, ya nutsar da shi. Ta riƙe numfashi har sai da kansa ya ɓullo, ruwa na zuba, fil ɗaya ya kwance.

"Wa ke tarbar wannan?" Fasto ya tambaya.

Sai a lokacin ta tuna ko tawul ba ta kawo masa ba. Ta miƙa hannuwanta biyu haka nan, ta taka matakalar farko har ruwa ya shiga takalminta.

"Ni ce, yayarsa," ta ce. "Auta, fito. Na zo."