Umarnin Inna

Gero ya fara fitar da kai ke nan rediyo ta ce sojoji sun kifar da gwamnati a ƙetaren iyaka, Shugaban Ƙasarmu kuma yana shirin tura dakaru can. Ina kan keken ɗinki a shagona na Bodinga na ji, saura kaɗan allura ta huda mini yatsa.

Mu uku Inna ta haifa. Yaya Haliru, ɗan fari, soja ne. Ni Sakinatu ce ta tsakiya. Autanmu Mode kuwa kowace damina yakan kora shanunmu arewa ya tsallaka iyaka, sai an yi girbi ya dawo. Ke nan in aka yi yaƙin nan, ɗa guda na riƙe da bindiga, ɗa guda na tsaye da sanda a inda za a harba ta. An rufe iyaka, wayar Mode kuma ba ta shiga.

Na ja ƙofar shago, na hau mota zuwa Shagari, daga nan babur ya kai ni Mandera. Na iske Inna zaune gaban turmi, ba ta daka komai. Ita fa tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa.

"Kira wancan," ta ce, "ki ce mishi na hana."

"Inna, ba a hana soja. Shugaban Ƙasa shi ne Babban Kwamandansu. In ya ce a tashi, tashi ake."

"Shi ya haife shi?"

Na kwantar da murya na gaya mata abin da rediyo ta ce: ko Shugaban ba ya kai sojoji yaƙi wata ƙasa sai Majalisar Dattawa ta amince, kuma ita ake jira yanzu.

"Dattawan da ba su san Mode ba?" Ta kawar da kai. "To, ki ce mishi ina gargara. In ya taho gida, wa zai harba?"

Yaya da bakinsa ya gaya mini an soke hutun kowa a bariki, kuma sojan da ya fita ba izini kotun soja ce ke jiransa, ga kurkuku ga kora. Ga mata, ga yara ƙanana. Na ce wallahi ba da ni ba.

Na manta da Kawu Isa, ƙanin Inna, mutumin da muguwar shawara ba ta taɓa wucewa ta gabansa bai tare ta ba. Na je rijiya na dawo, na same shi yana mayar da waya aljihu, har da share hawayen ƙarya.

"Kawu, me ka yi?"

"Abin da ke kika kasa, ɗiyata. Har kuka na yi mishi."

Na danna lambar Yaya, a kashe. Na sake, a kashe. Washegari tun safe ina bakin ƙofa. Duk babur ɗin da ya doso gari sai in leƙa. Ban taɓa roƙon Allah kada in ga ɗan'uwana ba sai ranar.

Bayan azahar ya shigo, cikin kayan gida, idanu jajur. Ya tarar da mai gargara zaune kan tabarma tana dama fura.

"Na nemi izini suka hana," ya ce a hankali. "Ta katanga na fito."

Ko furar bai taɓa ba rediyon Kawu ta kawo labari: Majalisa ba ta amince ba, ta ce a bi hanyar sulhu. Ba yaƙi. Maƙwabta suka kaure da alhamdulillahi, Kawu har da tafi. Da ba ƙanin uwata ba ne, da ludayin furar nan ya sauka a kansa.

"To, madalla," Inna ta ce. "Tunda ba yaƙi, ai ba laifi ke nan."

"Majalisa ta tare Shugaban Ƙasa, Inna. Ni ba mai tare mini. Gara in kai kaina kafin a zo nemana."

Ya yi la'asar ya fita. Inna ta bi shi har bakin danga, ba takalmi, abin da ba ta taɓa yi ba. Mai babur ya tada inji.

"Haliru!"

Inna ce ta kira. Yaya ya juyo, ya durƙusa har ƙasa, ya daɗe a haka. Sannan ya tashi ya hau.

Mode ya dawo da girbi lafiya lau, shanu sun yi ƙiba, bai ma san an yi ba. Inna kuwa yanzu sunan ba ya barin bakinta, safe da yamma, gaban kowa. Mai sunan yana tsare, har yau ba a ba mu damar ganinsa ba.