Kujerar da Ta Ci da Wadda Ta Faɗi

Kwamitin gunduma ya ce kujerar da mahaifina ya kai samfuri ba ta da ƙwari, don haka aka ba wani ɗan kwangila, Pak (wato Malam) Gunarso, kwangilar kujerun makarantu. Ni na rubuta takardar ƙorafi, tunda ni ce mai digiri a gidan, ko da yake muryata ba ta cika fita a gaban mutane ba.

Ranar sauraro na je tare da mahaifina, muka tarar an ajiye samfuran biyu a tsakiyar ofis. Tun daga ƙofa na gane ta Pak Gunarso. Direbansa ne ya saye ta a shagonmu da ke garin Jepara, ni na naɗe ta da kwali. Na durƙusa na kifa ta, na nuna tambarin da mahaifina yake ƙonawa a ƙarƙashin kowace kujera.

"Pak Harjito," na ce wa shugaban kwamitin, "katako ɗaya, kafinta ɗaya. Yaya wannan ta ci, waccan ta faɗi?"

Ya kurɓi shayinsa yana dariya, ya kira ni da Mbak, wato Malama. "To, Mbak Wening, ai kujerarku ce ta ci! Kukan me kuma? Doka ba ta hana sayen samfuri ba."

Pak Gunarso ya dafa kafaɗar mahaifina. "Pak Sarwo, ni ko ƙusa ban iya bugawa ba. Ka yi mini kujerun, sai dai tambarina za a sa."

Na jira mahaifina ya ture hannun. Amma ma'aikata tara ke zaune a shago babu aiki tun azumi. Ya sunkuyar da kai, ya tambayi ranar da ake so a kawo.