Kabarin Haruna da Babu Kowa a Ciki

Shekarar da kogi ya fasa jingar ƙauyenmu a ƙasar Auyo, Haruna ne ya fara shiga ruwa da buhun yashi a kafaɗa. Gidansa kaɗai ne gidan Kirista a unguwarmu, kuma yana kan tudu, ruwan ba zai taɓa shi ba. Namu gidajen ya je tarewa. Aka toshe ɓarakar, jingar ta tsaya, shi kuwa ruwa ya ja shi cikin kacalla, wannan tsinanniyar ciyawa da ta fi mutum tsayi. Masunta sun yi nema har suka gaji.

Matarsa Mairam ta sa aka haƙa kabari a bayan gida, wai kada a same shi a tsaya jira. Kullum ramin ya tsattsafo da ruwa, kullum ta kwashe da ƙwarya. Ni maƙwabciyarta ce, kuma bakina ba ya shiru.

Na ce, "Mairam, kina kwasar kogi da ƙwarya?"

Fastonsu ya zo daga Haɗeja a kwale-kwale, ya ce mata ranar tashin matattu ko ruwa sai ya mayar da abin da ya ci.

Ta ce, "Na gaskata, Fasto. Amma mutumin nan ba ya son sanyi."

Da ruwa ya janye, tsuntsayen jan-baki suka cika kacallar, suna sauka kan 'yar shinkafar da ta rage mana. Maganin ɗaya ne, a cinna wa ciyawar wuta, kuma kowa ya san wanda ke kwance a ciki. Maza suka yi ta kame-kame, har mai unguwa ya tako ƙofar Mairam ya tsaya yana murza hula.

Ta ce, "Baba, in an ƙona ba zan samu ko ƙashinsa ba."

Ya ce, "Haka ne, 'yata."

Ta shiga ɗaki ta fito da ashana ta miƙa masa. "Don ku ya shiga ruwan. Yesu ya san inda zai tattaro shi. Ni ce dai ban sani ba."

Wallahi ban taɓa jin kunyar cin tuwo ba sai a wannan shekarar. Hayaƙi ya wuni yana tashi, ita tana zaune ta juya masa baya.

Washegari na leƙa ta katanga. Ramin ya bushe ƙayau, tana ciki da tsintsiya tana share tokar da iska ta zubo.