Maimaita In Ji

Kwana uku ke nan Kyaftin Isiyaku yana zaune gaban takarda ɗaya, bai rubuta komai ba sai sunansa da lambar jirgi. Mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana tuƙa jirgin sama, yau rahoto mai shafi guda ya gagare shi. Matarsa Mansura ta leƙo falo ta gan shi yana taunar bayan biro, ta ce, "Kyaftin, in takardar nan surukarka ce, gaishe ta ka tashi. Je ka Gauraka ka sayo mana masa, ko ka sha iska."

"Masa, Gauraka," ya ce, yana laluben makullin mota.

Haka yake, ko gishiri aka ce ya miƙo sai ya maimaita. Aikin ne ya bi masa jiki. A sama, duk umarnin da mai kula da zirga-zirgar jirage ya ba matuƙi ta rediyo, dole matuƙin ya maimaita shi kalma-kalma, ya rufe da lambar jirginsa, don na ƙasa ya tabbatar an ji shi daidai.

Ranar Talata da hantsi abin ya faru. Isiyaku na gangarowa cikin hadarin damina da fasinja ɗari da tara, lambarsa huɗu-ɗaya-biyu. A ƙarƙashinsa, cikin gajimaren da bai bar shi ya ga ko fiffikensa ba, akwai wani jirgin mai lamba huɗu-biyu-ɗaya. Matuƙa sun daɗe suna ƙorafi kan irin waɗannan lambobi masu kama da tagwaye, ga rediyo a cunkushe kamar tashar Madalla da safe. Muryar wata mata ta ba wancan jirgin izinin sauka zuwa ƙafa dubu bakwai. Isiyaku ya ɗauka da shi ake, ya sunkuyar da hancin jirgi, ya maimaita umarnin, ya rufe da lambarsa.

Bai gama rufe baki ba muryar ta dawo, ba rawa, ba ihu: "Huɗu-ɗaya-biyu, ba kai ba. Dakata da sauka, koma dubu goma yanzu." Ya ja jirgi sama. Fasinja ba su san komai ba, sai dai shayin wani ya zube masa a cinya.

Amma jiragen sun kusanci juna fiye da ƙa'ida, don haka aka ɗauke matar daga kujerarta har a gama bincike. Tsawa ta sa faifan rediyon ya yi ƙara daidai wurin lambar, saura abin da matuƙi zai rubuta. In ya ce ta haɗiye lambar, laifi ya rataya a wuyanta, wataƙila ta rasa aikin. In ya ce kunnensa ne ya yi masa gardama, shi za a mayar aji, a sa masa tabo a fayil. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma Isiyaku ya kwana uku yana tsaye kan nasa yana hangen na matar da ko sunanta bai sani ba. Kunya yake ji, ga tsoro.

A Gauraka ya tarar da layi gaban tandar Yalwa mai masa, manyan motoci na wucewa suna girgiza rumfar. Wata mata mai atamfa shuɗiya ce a gabansa.

"Masa goma sha biyu, miya daban, ban da yaji," ta ce. "Maimaita in ji."

Yalwa ta yi dariya. "Haba Madam Toyin, kullum sai na yi miki hadda? Sha biyu, miya daban, ban da yaji."

"Daidai."

Tsigar jikin Isiyaku ta tashi. Muryar nan ko a cikin barci ya san ta, yadda take ajiye kowace kalma a wurinta. Ya matsa kusa da ita.

"Baiwar Allah, sannu. A filin jirgi kike aiki?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "A da dai, Oga. Yanzu ina hutun dole, shi ya sa ka gan ni a layin masa da rana tsaka. Lafiya?"

"Ni ne huɗu-ɗaya-biyu."

Yalwa ta daina juya masa ta zuba musu ido. Isiyaku ya cire hula, abin da bai taɓa yi a bakin titi ba. Ya ce, "Madam, mutum ɗari da tara sun koma gida saboda kunnenki, ban da na ɗaya jirgin. 'Ya'yana ba su zama marayu ba. Na gode. Allah ya saka miki da alheri."

"Amin, Kyaftin. Ai ni ma da godiya a bakina," ta ce da Hausarta ta 'yar Suleja. "Wasu pailot in an yi musu magana sai su ce oke kawai, su katse. Da haka ka yi min, wallahi da ban san ka fara sauka ba sai na gani a allon lura da jirage, lokaci ya ƙure. Kai ka faɗi lambarka, shi ya cece mu."

Ba ta tambaye shi zancen rahoton ba, ko da wasa. Wannan ya fi komai karya masa zuciya, domin ta san takardarsa ake jira, ta kuma san abincin gidanta na rataye da ita.

"Yau zan miƙa rahoton," ya ce. "Kin faɗi lambar sarai. Ni na ji ba daidai ba, haka zan rubuta."

Madam Toyin ta karɓi ƙullin masarta. Ta share ido da bakin gyale, ta yi murmushi.

"Motoci na ƙara, Kyaftin. Maimaita in ji."

Isiyaku ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda har masu gyaran taya suka waiwayo. "Kuskuren nawa ne, ba naki ba. Huɗu-ɗaya-biyu."

"Daidai," ta ce.