Azumin Tsohon Malta

Mijina Basiru injiniya ne, amma tarihi ne ciwonsa. A gidanmu na unguwar Ulaisha, a nan ƙasar Larabawa, ba a cin tuwo sai da labarin wani tsibiri. Shekara tara ina jin yadda Rumawa suka riƙe Malta, Larabawa suka ƙwace, Turawa suka zo suka karɓe. Ni dai "uhm" nake cewa ina ƙara miya.

Ran nan aka kwantar da wani tsoho ɗan Malta a sashen da nake aikin jinya. Karmenu sunansa, ya zo wurin ɗansa ya faɗi ya karye a ƙugu. Ɗan yana can aiki cikin sahara, waya ba ta shiga. Kwana biyu tsohon bai ci komai ba. Aka kawo ƙwai da madara, ya ture. Aka kawo shinkafa da kaza, ya ture. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, kalma ɗaya yake ta nanatawa: "Randan."

"Ramadan saura wata biyu, kuma ga gicciye a wuyansa," in ji Dakta Mu'azzam. "Kansa ya juye. Khalas, shi ke nan, Sista Safiyatu, a sa masa robar abinci ta hanci."

Tsohon ya ga robar, ya fara hawaye. Tausayinsa ya kama ni, sai wata hirar cin tuwo ta faɗo mini.

"Dakta, ka ba ni minti goma. Larabawa sun daɗe suna mulkin tsibirinsu, harshensu ma daga Larabci ya fito. Kiristocin can azuminsu suke kira Randan. Nama da ƙwai da madara yake gudu."

"A ina kika karanta wannan?"

"A gaban kwanon tuwo."

Na sauka kicin da kaina na karɓo burodi da miyar adas, wani irin ƙaramin wake. Karmenu ya leƙa kwanon, ya motsa da cokali yana neman nama, bai samu ba. Ya ɗaga ido ya ce "Alla," kamar yadda kakata take faɗa. Ya shanye tas, ya miƙo kwanon a ƙara. Dakta ya naɗe robarsa. Daɗi ya kashe ni.

Da na koma gida na zuba wa Basiru tuwo, na ja kujera kusa da shi.

"Baban Kamila, ina muka tsaya jiya?"

Ya ajiye lomarsa. "Lafiyarki kuwa?"

"Ƙalau. Ka ce Larabawa sun sauka tsibirin Siƙilliya. Sai aka yi yaya?"