Tabon da ke Kuncin Mama

…kuma ko ta dawo yanzu, amsata ba za ta canza ba. Ba zan ɗora injin nan a fuskarta ba.

Bari in zauna tukuna.

Uwar mijina, a shagona. Matar da tun da na shiga gidansu ba ta taɓa ganin sana'ata da gashi ba. "Ga matar ɗana, mai wanke wa mutane fuska." Haka take nuna ni ga baƙi, tana dariya, suna taya ta. Ni da na zauna na karanci fata, na san ta kamar yunwar cikina… Sai ga ta yau da hantsi, ta hawo benen nan da gwiwarta mai ciwo, tana haki, wai a goge mata fuska da injin nan da mata suke ta labari.

Na ji daɗi? Har cikin raina. Sabon zanen gado na shimfiɗa mata. Na ce yau dai za ta ga abin da hannun nan ya iya.

Sai na wanke hodar da ta lafta a fuska, na jawo fitila.

Fata kamar ɓawon albasa. Ƙananan jijiyoyi jajaye a shimfiɗe, ana ganinsu ɗaya-ɗaya — aikin man ƙara haske ne, shekara da shekaru tana shafawa, wa ya isa ya yi mata magana? Na ce, "Mama, wane magani kuke sha?" Na suga. Da na tsinka jini, tun ciwon bara. Shi kuwa injin nan bakinsa kaushi ne da shi, saman fata yake kankarewa yana zuƙe matacciyar. A lafiyayyar fuska, sai ki ga mace ta tashi tana sheƙi. A wannan fa? Jini zai tsattsafo ya ƙi tsayawa, ciwo ya buɗe ya ƙi rufewa…

Da ma a nan abin ya tsaya.

Tabon nan. Can gefen kunci, kusa da kunne, inda ɗankwali yake rufewa. Ya fi ƙwayar wake, gefensa a karkace, rabi baƙi rabi ruwan ƙasa, ga busasshen jini a tsakiya. Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Shi nake so ki kankare mini." Wai da ɗan ɗigo ne, yanzu yake ta faɗi.

Kankare? Wannan? Ko allura ba zan kai kusa da shi ba. Ban san mene ne ba, ni ba likita ba ce, amma na san abin da ba nawa ba.

Kuma ai ba a kanta na fara ba. Yarinyar nan mai ƙuraje cike da ruwa, da ta yi ta kuka saboda tana da ɗaukar hoto washegari — na sallame ta. Matar da take shan ƙwayoyin ƙuraje masu ƙarfi, leɓenta duk a tsage — na ce ta je ta gama, ta huta, sannan mu yi magana. Mai ƙurjin zazzaɓi a baki, wadda ta zage ni har ƙasan bene… da na bi ta kai da injin, da ya watsu mata ko'ina. Babu macen da ta taɓa sauka daga gadon nan da fuskar da ta fi wadda ta kawo muni. Babu. A titin nan kaf, wa zai iya buga ƙirji ya faɗi haka?

"Ashe dai ba ki iya ba." Tana gyara ɗankwali, ko kallona ba ta yi.

Na ce, "Mama, na iya. Shi ya sa ba zan yi ba. Likitan fata ya kamata ya fara gani, kuma a satin nan."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Ni, da nake durƙusawa in gaishe ta, in kasa haɗa ido da ita. Ni na faɗi haka.

Da na so, ai da na lallaɓa ta. In kunna injin yana ƙara, in yi ta zagaya shi a iska, in shafa mata abin sanyi, ta tafi tana sa mini albarka. Ta koma gida da tabonta yana ci gaba da faɗi… A'a. Gara ta yi fushi da ni.

To in ta tsallaka wancan shagon na gaba fa? Su ba sa tambaya, kwantar da mutum kawai suke yi. Bari in leƙa ta taga — babu ita. Sai mai gyaran taya da motoci.

Ita kaɗai ma ta zo. Mama, da ko kanti ba ta zuwa sai da rakiya. Ga 'ya'yanta mata, ga ɗanta, baban yarana, da kullum yake biyawa ya gaishe ta, babu wanda ya taɓa ambatar tabon nan. Ba su sani ba ke nan? Hodar nan mai kauri… Kuma da na kusanto da fitila, yadda ta damƙe gefen gadon, tana kallon bakina, ba madubi ba…

Ba kyau ta zo nema ba. Tsoro take ji. Duk gidan nan, ni ta zaɓa ta nuna wa.

Wayata ce take ƙara. Baban yara. Ta riga ta kai masa ƙarata, ko kuwa…? In na ɗauka, da wace kalma zan fara?