Benebol Ɗiyar Mero

Jijiyar yarinyar ta ɓuya. Sau biyu Majo Souleymane, shugaban gidan likitan ƙauyen, yana soka allura a bayan hannunta bai dace ba. Uwar ta kawar da kai tana salati, ita kuwa yarinyar zazzaɓin damina ya riga ya cinye mata ƙarfin kuka. Majo ya miƙe, ya share goshi da gefen hannu, ya ce, "Aziza, zo ki gwada naki hannun."

Aziza ta durƙusa gaban gadon. Ta murza ɗan hannun a hankali, ta bi shi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake, ta soka sau ɗaya. Jini ya leƙo. Ta ɗaure, ta saki robar, ƙarin ruwa ya fara ɗiga.

"Allah ya yi miki albarka, Benebol," in ji uwar yarinyar.

Aziza ta amsa da amin, ta je ta wanke hannu.

Shekara uku ke nan da ta gama makarantar ungozoma a Damagaram, ta dawo ƙauyensu da ke tsakanin Kwaya da Dungas da difulom a cikin leda. Aka ce mata babu ɗaukar ma'aikata bana, amma wanda ya zauna a gidan likita yana aikin sa kai, shi ake fara tunawa in an tashi ɗauka. Masu irin wannan zaman su ake kira benebol da Faransanci. Ka zo da safe, ka karɓi haihuwa, ka kwashe amai, ka tashi da yamma, ƙarshen wata ya zo ya wuce bai san da kai ba. Bana ta wuce, wata banar ta zo. Sau biyu tana kai dosiyen takardunta na neman aiki Magarya, sau biyun ana ce mata ta koma ta ci gaba da haƙuri.

Yadda kalmar ta zama sunanta kuwa, aikin uwarta ne. Aziza ɗiyar fari ce, don haka tunda aka raɗa mata suna Mero ba ta taɓa faɗarsa ba. Daga "ke" sai "waccan", in ta kama dole ta ce "yarinyar nan". Wata rana Majo ya biyo ta ƙofar gidansu ya yi sallama, ya ce, "Ina benebol ɗinmu?" Mero na bayan danga tana tuyar ƙuli, kunnenta ya cafke. A ganinta muƙami ne, irin su majo da kwamanda, mai yiwuwa ƙasa da majo da kaɗan. Shekara ashirin da biyar baiwar Allah tana neman abin da za ta kira ɗiyarta da shi ba tare da ta keta kunya ba, sai ga shi an kawo mata har gida, mai kwarjini kuma. Tun daga ranar ba ta sake shi ba. Ta kai shi rijiya, ta kai shi gidan suna, matan gari suka karɓa. Maganar albashi kuwa, Mero ba za ta buɗe baki ta tambayi ɗiyar fari abin da take samu ba. In aka yi rigakafi aka ba Aziza ɗan hasafi ta sayo sabulu da sukari, Mero ta ɗauka daga ciki ne.

Sau nawa Aziza ta yi niyyar faɗa mata gaskiya. Da ta ga yadda fuskar uwar ke cika in ta kira sunan, sai bakinta ya yi nauyi.

Majo ya same ta a bakin famfo. Ya rage murya ya ce, "An ba mu gurbi ɗaya na ungozoma. Takardar za ta iso ran Alhamis. Da hannuna na rubuta musu sunanki, na kuma faɗa da bakina."

"Bara ma haka ka ce, Majo."

"Bara babu gurbi. Bana akwai."

*

Da la'asar ta tarar da Gwaggo Hinda, ƙanwar babanta, ta zo daga Dantchiao. Hinda ba ta da kwana-kwana, kuma ta san abin da kalmar nan take nufi, don ɗanta ya yi irin wannan zaman a wani ofis har ya gaji ya kama kabu-kabu da babur. Ta ja Aziza gindin darbejiyar tsakar gida.

"Alhaji Wada ya buɗe shagon magani a bakin kasuwarmu," in ji ta. "An ce sai ya sa mai takarda a ciki. Na ce masa ina da ɗiya. Ya ce ki zo ran Juma'a kafin a sauko daga masallaci, in ba haka ba akwai wani yaro daga Magarya da ke jira. Ɗaki kuwa ga nawa."

"Gwaggo, ran Alhamis takarda za ta zo."

"Takardar nan tun kina da kumatu take zuwa. Dube ki."

Aziza ta dubi hannuwanta. Ba don ta tsaya bayan kanta tana miƙa ƙwayar ciwon kai ta yi shekara uku tana kwana kan littafi ba. Hannun nan ya san yadda ake juya ɗan da ya zo a karkace. Kuma in ta tafi, shekarun da ta zuba a gidan likitan sun bi ruwa, don wanda ya tashi daga layi ba a ajiye masa wuri. In ta zauna fa? Ƙawayenta na makaranta, wata na sayar da atamfa a waya, wata ta yi aure ta sa difulom a ƙasan akwati, biyu da ke da manya a Yamai tuni suka yi lambar aiki. Ita kaɗai ce a tsaye, ba ta san ko haƙuri take yi ko wauta ba. Abin yana cin ta ƙwarai, ta rasa wanda za ta tambaya.

Babanta Sallau ya shigo daga gona da hauya a kafaɗa, aka maimaita masa. Ya daɗe yana kakkaɓe ƙasa daga ƙafarsa, sannan ya ce, "Ni gero na sani, da gyaɗa. In na shuka na san watan da zan duba. Wannan shukar taku ban san lokacinta ba. Ki zaɓa, Allah ya sa albarka."

Mero ce ta ɗago daga bakin murhu, da mataci a hannu. "Wai me nake ji? Benebol guda ta koma yaron shago? Hinda, ki ji tsoron Allah. Mutum yana sama a ce ya sauko?"

Hinda ta buɗe baki. Aziza ta kama gefen zanen Hinda ta matse, ta yi mata ido. Gwaggon ta haɗiye maganar, ta ja tsaki, ta ce ita dai ta faɗi tata.

*

Ran Alhamis takardar ta zo, amma ba ita kaɗai ba. Da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan likita, wata budurwa ta fito da jaka mai taya, tana ɗaga ƙafa saboda caɓi. Ta gaida kowa da ladabi, ta miƙa wa Majo ambulan. Majo ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke. Bai dubi wajen da Aziza take ba.

"Wannan Ramatou ce," ya ce da bango. "Ita aka turo mana a gurbin ungozoma."

Bara Ramatou ta gama makaranta. Direban da ya kawo ta shi ya faɗa wa masu jiran awo ko ɗiyar wane ce, ba wanda ya tambaye shi. A gaskiya yarinyar ba ta da wulaƙanci. Ta kama hannun Aziza ta ce, "Yaya, an ce ke kika san komai a nan. Don Allah ki riƙe ni, ni ban taɓa karɓar haihuwa ni kaɗai ba."

Aziza ta ce to. Ta nuna mata ɗakin haihuwa, da inda ake dafa almakashi, da tagar da ba ta rufuwa.

Da azahar sai ga Mero da ƙwaryar fura a ka, ta sha sabon kallabi. Ta ji a gari an ce mota ta kawo takarda, ta zo ta ji ƙarin girman da aka yi wa ɗiyarta. Aziza na ciki tana awon wata mai ciki, ta jiyo muryar uwarta a baranda, ta yi sauri ta fito. Ta makara. Mero ta riga ta zauna kusa da baƙuwa.

"Sannu da zuwa, ɗiyata. Ke ma Benebol ce?"

Ramatou ta yi murmushi. "A'a, Inna, ni ma'aikaciya ce."

"To, a hankali za ki kai. Tawa shekararta uku da zama Benebol."

Ramatou ta ɗauka raha ce, ta yi dariya. "Ai Inna, benebol shi ne wanda ba a ɗauka ba. Mai taimakawa kawai, ba a biyan shi komai. Shi ya sa nake jinjina wa Yaya, wallahi ni ba zan iya ba."

Mata biyar ne a kan benci, kuma duk biyar ɗin daga bakin Mero suka koyi sunan. Mero ta dubi ɗiyarta, abin da ba ta cika yi a gaban mutane ba. Ta tura ƙwaryar gaban baƙuwa ta ce, "A sha fura." Ta gyara kallabi ta tashi.

Aziza ta bi ta. Suka ratsa ta cikin gero, uwar a gaba. Sai da suka kusa gida Mero ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Shekara ukun duka?"

"Duka, Inna."

"Babanki ya sani?"

"Ya sani."

"Ni kuma ina ta yawo da shi gida-gida, ina kiran ki da shi a bainar jama'a. Ke, da kin faɗa mini."

Kunyar da Aziza ta ji a wurin ta fi zafin rasa gurbin. Ta so ta ce sunan ya yi mata daɗi a bakin uwarta ko da ƙarya ne, amma ba irin maganar da ake yi tsakaninsu ba ce.

*

Ran Juma'a da sassafe ta haɗa kayanta a jaka. Mero ta ƙulla mata ƙuli da man gyaɗa, ta ajiye a bakin ƙofa. Mai kabu-kabu ya zo, ya ce su yi sauri, hadari na haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauko hanyar Dantchiao ba ta biyuwa. Aziza ta ce ya biya da ita gidan likita ta mayar da mabuɗin ɗakin haihuwa.

A ƙofar suka tarar da amalanken jaki. Wata mata na kwance a kai kan tabarma, zanenta ya jiƙe, tsohuwa na riƙe da kanta. Majo ya tafi Dungas kai rahoto tun asuba. Ramatou na tsaye da safar hannu ɗaya, ɗayar ta faɗi ƙasa, idonta ya cika da hawaye.

"Yaya, ƙafa ce ta fara fitowa."

Mai kabu-kabu ya dubi sama, ya dubi Aziza. "Malama, ni fa ba zan jira ba."

Ba ta tsaya yin shawara da zuciyarta ba, abin da ta yi kwana uku tana yi ba ta gama ba. Ta sauke jakar a baranda ta ce a kama mata matar.

Aka daɗe. Ruwa ya sauko ya yi ta dukan kwano har ba a jin nishin mai naƙuda. Aziza ta yi ta lallaɓawa, tana yi wa matar magana ƙasa-ƙasa, tana ce wa Ramatou riƙe nan, saki can, kar ki ja. Da jaririyar ta fito shiru ta yi, jikinta ya saki. Aziza ta share mata baki da hanci, ta murza bayanta, ta sake murzawa, sai ga kuka siriri ya tashi. Tsohuwar ta fashe da guɗa. Can cikin gari ladan ya kira sallar Juma'a.

Ta wanke hannu har gwiwa, ta fito baranda. Ruwan ya tsagaita. Inda babur ya tsaya ɗazu sai kwatami cike da ruwa, jakarta kuma feshi ya jiƙa gefenta.

"Yaya," Ramatou ta kira daga ciki, "zo ki nuna mini yadda ake cika rajista."

Aziza ta koma ta tsaya a bayan kujerarta. Ta faɗa mata sunan uwar, da ƙauyensu, da lokacin haihuwa. Mace, kilo uku ba kaɗan. Ramatou na rubutawa a hankali da kyakkyawan rubutunta na ƴan birni, har ta iso gidan ƙarshe, inda ake sa sunan wadda ta karɓi haihuwa. Ta ɗaga biro, ta juyo.

"Nan fa?"

"Sunan ma'aikaciya ake sawa," in ji Aziza.

Ramatou ta sunkuya ta rubuta nata. Aziza ta miƙa hannu ta danne mata gefen takardar, don iskar tagar nan tana ɗaga ta.